In An Rufe Makaranta, Kada A Rufe Karatu

(Lacca ga 'yan ajin manya na ƙasar Ɗambatta)

Mun sani lokacin sharar gona ne da kai taki, kowa da abin da ya baro, saboda haka ba za mu tsare ku da daɗewa ba.

Maganar da muka zo da ita yau ta ƙananan yara ce, watau daga mai shekara 3 zuwa mai shekara 9 ko 10. Tambayarmu guda ɗaya ce. In gari ya waye aka ce an rufe makaranta, alhali ba lokacin hutu ba ne, ba kuwa wanda ya san ranar buɗewa, me za mu yi da yaran nan a gida?

Abin Da Ya Riga Ya Faru

Wannan ba sabon abu ba ne gare mu. A shekarar 2014 cutar Ebola ta ɓulla a Ikko, aka ɗaga ranar komawa makaranta bayan dogon hutu. Waccan ta zo da sauƙi, makonni ne kawai.

Babbar ita ce ta 2020. A watan Maris na shekarar nan, saboda cutar korona, aka rufe makarantun ƙasar nan duka, na boko da na Islamiyya. Cikin Afrilu aka sa dokar kulle a Kano, azumi ya zo ya same mu a haka. Ba mu kaɗai abin ya shafa ba, gama Hukumar Ilimi ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta yara da samari fiye da miliyan 1,500 suka zauna gida a duniya cikin watan nan. Yaranmu na firamare ba su koma aji ba sai cikin Oktoba. Ku ƙidaya da yatsa, kusan wata 7 ke nan. An yi shuka, an yi noma, an yi maimai, har an yanke gero, yaro bai taka ƙofar aji ba.

Ba a daɗe da komawa ba, ran 11 ga Disamba 2020, ɓarayin daji suka kwashe 'yan makarantar kimiyya ta Ƙanƙara a Jihar Katsina, su fiye da 300. Jihohi da dama suka sake rufe makarantu, har da tamu. A Fabrairu 2021 aka kuma kwashe 'yan mata a Jangebe ta Jihar Zamfara, Gwamnatin Kano ta rufe makarantun kwana 10, cikinsu har da ta 'yan mata ta Gezawa da ta Kunci, nan kusa da mu. A Nuwamba 2025 kuma, bayan abin da ya faru a Maga ta Jihar Kebbi da Papiri ta Jihar Neja, Gwamnatin Tarayya ta rufe makarantunta na kwana fiye da 40, maƙwabciyarmu Katsina ita ma ta sallami 'yan makaranta.

Ban da waɗannan manya, akwai ƙanana da kowane ƙauye ya sani. Iskar farkon damina ta ɗauke kwanon aji, ruwa ya rushe bango, malamai su yi yajin aiki, ko ƙyanda ta shiga gari. Abin da ya faru sau da yawa haka, mai hankali ba ya cewa ba zai sake faruwa ba. Muna roƙon Allah ya kiyaye, amma shiri tilas ne.

Abin Da Muka Tarar Ran Komawa

Da aka buɗe makarantu a Oktoba 2020 mun zaga ƙauyuka, mun shiga azuzuwa. Abin da muka tarar ya tayar mana da hankali. Yaron da muka bari cikin Maris yana haɗa baƙi da wasali, yana karanta gida da gona, muka same shi ba ya rarrabe b da d. Wanda ya iya ƙirga har ɗari ya koma yana tuntuɓe a talatin. Waɗansu kujerun kuwa ba kowa a kai. Muka tambaya, aka ce wance ta kama talla ta ƙi bari, wane ya bi 'yan acaɓa zuwa birni.

Ku manoma ne, kun fi mu sanin wannan. A ƙasarmu gona ba ta hutawa, gama mutane sun yi yawa, fili ya yi kaɗan, gonar wannan tana jingine da ta wancan tun daga nan har bakin birni. Abin da ya riƙe ta shekara da shekaru shi ne takin da a ke kai mata kowace bazara, kaɗan-kaɗan, a mangala ko a amalanke. Wanda ya tsallake shekara guda bai kai ba, zai gani a damin geronsa. To, karatun ƙaramin yaro haka ya ke. Bai yi saiwa ba tukuna, in aka bar shi wata 7 ba mai taɓa shi, sai ya bushe.

A nan lalle mu faɗi laifinmu, mu ma'aikata. Ran da takardar rufewa ta zo, muka kulle azuzuwan manya, muka tattara alli da littattafai, kowa ya tafi gidansa. Ba mu tara ku ko sau ɗaya mun ce ga abin da za ku yi da yara ba. Mun zaci abin na mako biyu ne. Wannan kuskuren ne muka zo gyarawa yau.

Amma mun ga wani abu kuma da ya faranta mana rai. A wani ƙauye da ke kan hanyar Kazaure muka tarar da wata yarinya 'yar aji biyu ta fi kowa karatu a ajin. Muka bi sawu har gidansu. Ashe uwarta 'yar ajin manya ce, wata 6 kaɗai ta yi tana zuwa kafin a rufe. Ba ta da littafi ko ɗaya na yara. Kowace safiya sai ta ɗauki gawayi ta rubuta baƙi guda a jikin rumbu, ta ce wa yarinyar, "Yau wannan ne baƙonmu. Nemo mini abu uku a gidan nan da sunansu ya fara da shi." Ran k sai a kawo kwano da kara da kaza. Da baƙaƙen da ta sani suka ƙare, sai ta sake komawa farko. Ta ce mana ita kanta ta wannan hanya ce nata karatun ya zauna.

Wannan baiwar Allah ita ce ta koya mana laccar yau. Wanda ya san baƙi goma malami ne ga wanda bai san ko ɗaya ba. Tun shekarar 1950 da Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa ya tayar da maganar jahilci a Majalisar Arewa, har aka soma Yaƙi da Jahilci, da 1980 da Gwamna Abubakar Rimi ya kafa Hukumar Ilimin Manya ta Kano, manufar ita ce haske ya shiga cikin gida. Ku ne kuka ɗauko shi, ran da aka rufe makaranta kuwa, ran nan ne za a ga amfaninsa.

Abu Uku Na Farko

Tun ranar da aka sallamo yara, kafin su saba da zaman banza, mai gida da uwar gida su zauna su yanke abu uku.

Na ɗaya, lokaci. Yaro ya saba da ƙararrawa, in babu ita sai yini ya zame masa kara zube. Mu kuwa muna da ƙararrawar da ba ta kuskure, watau kiran salla. Bayan asuba a yi karatun allo kamar kullum. Da hantsi, bayan an sha koko, a yi na boko rabin sa'a. Daga nan sai aikin gida ko na gona. Da rana ta take a huta a inuwa, bayan la'asar a yi wasa, bayan lisha a yi hira da tatsuniya. Rabin sa'a ɗin nan kada ku raina shi. Ɗan shekara 5 ba ya iya zama wuri ɗaya fiye da haka, in kun matsa masa sai ya ƙi abin gaba ɗaya. Kaɗan kullum ya fi mai yawa ran Juma'a kaɗai.

Na biyu, wuri. A zaɓi wuri guda, ko zaure, ko gindin darbejiya, ko gefen rumbu, a share, a shimfiɗa tabarma. Da yaro ya ga an shimfiɗa tabarmar nan ya san lokaci ya yi.

Na uku, mai lura. A faɗi sunansa, kowa ya ji. In an ce kowa ne mai lura, to, ba mai lura ke nan. In uba yana gona, uwa tana daka, a ɗora wa kaka ko wa ko ya. Ɗan aji biyar ya isa ya koya wa ɗan aji ɗaya, shi ma nasa karatun sai ya ƙara zama.

Kayan Aiki Suna Nan Gida

Wani zai ce, "Malam, ba mu da littafi, ba mu da alli, kuɗin kuwa na taki ma bai isa ba." Gaskiya ne, amma ba mu ce ku sayi kome ba.

Ga ƙasa, allon da ba ya ƙarewa. A baje rairayi, yaro ya rubuta da yatsa, a shafe, ya sake. A fara da wasula biyar, a, e, i, o, u. Sa'an nan a ɗauki baƙi ɗaya a haɗa, ba, be, bi, bo, bu. In ya kama, a ba shi kalmar abin da ya ke gani, kamar gero, dawa, wake, kaka, rago, tuwo. Ku kula da masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ, gama a nan yara su ke yawan faɗuwa. Ku nuna masa bambancin kafa da ƙafa, da dari da ɗari, da bari da ɓari. Yara suna jin daɗin wannan, suna dariya, dariyar kuwa ita ke sa abin ya zauna.

Ga kara. A karya shi gajere-gajere a jera baƙaƙe da shi a ƙasa. Ga yumɓu, a murza a lanƙwasa ya zama o ko s, a shanya. Ga buhun taki, da kwalin ashana, da gwangwanin madara, da katin rigakafi, duk akwai rubutu a jiki. A ce wa yaro ya nemo baƙin sunansa a ciki. Wanda ya iya ajami kada ya ɓoye, shi ma karatu ne, a koya.

Lissafi ya fi kome sauƙi a gidan manomi. A tara 'ya'yan tsamiya ko tsakuwa, a kasa goma-goma. In uwa za ta auna hatsi, yaro ya riƙa ƙirga mudu da ƙarfi. A tambaye shi, "Kajinmu nawa? In an sayar da biyu ran kasuwa, saura nawa? Akuya tana da ƙafa huɗu, awakinmu uku ƙafa nawa ke nan?" A gona ya ƙirga kunya, ya ƙirga ramin shuka a kunya ɗaya. Da kaka ya ƙirga dami, ya ja layi a jikin rumbu, kowane dami layi guda. Wanda ya ɗan girma a ba shi takardun kuɗi ya karanta lambar da ke jiki, a yi wasan kasuwa, wani mai saye, wani mai sayarwa, a ba da canji.

Akwai wani abu da mu ke so kowane gida ya gwada. A huda gwangwani, a zuba ƙasa da ɗan taki, yaro ya shuka wake uku da hannunsa. Shi ke ba su ruwa, ba wani ba. Kowace Juma'a ya auna tsawonsu da kara, ya yi alama. A sa gwangwani ɗaya a rana, ɗaya a cikin ɗaki mai duhu, a bar shi ya faɗi da bakinsa abin da ya gani. Wannan shi ne a ke kira kimiyya a makaranta, ba wani abu ba ne daban.

Aiki Gwargwadon Ƙarfi

Ba mu ce yaro ya zauna yana karatu yini guda ba. Ɗan manomi ne, lalle ya san aikin gidansu. Da damina dabbobinmu a ɗaure su ke, tun da ba dajin da za a sake su, kowace kusurwa shuka ce. Yaro ya yiwo ciyawa, ya ba su ruwa, ya watsa wa kaji tsaba, ya tsince ƙwai. Yarinya da yaro duka su iya shara, da wanke kwano, da ɓarar gyaɗa, da tsintar wake. Ran shuka babba yana sara, ƙarami yana zuba iri yana rufewa da ƙafa, ka ga an ba shi aikin da ya dace da shi.

Amma fa a ba shi aiki mai iyaka, wanda zai gama ya ce na gama. A ce, "Cika wannan kwando," kada a ce, "Tafi ciyawa," ya ɓace tun hantsi har la'asar. In ya gama a yaba masa, gama yabo ga yaro kamar ruwa ne ga shuka. Kada a ɗora masa tulun da ya fi ƙarfin wuyansa, kada a tura shi gona da tsakar rana cikin bazara. Kada kuma a haɗa karatun nan da bulala. Yaron da aka doka a kan baƙi, baƙin zai tsana, ba kuskuren ba.

Muna da magana ta musamman a kan 'ya'ya mata. Mun lura in an rufe makaranta, namiji ya kan sami sarari, ita kuwa mace sai aiki ya taru a kanta, raino da ɗebo ruwa da talla. Mun san halin da a ke ciki, mun san kuɗin tallan nan yana shiga tukunya. Abin da mu ke roƙo, iyayenmu mata, rabin sa'an nan na hantsi a bar mata shi, kamar yadda aka bar wa ɗan'uwanta. In tallan ya zama tilas, ya zama cikin unguwa, da rana, tare da 'yan'uwanta, ta dawo kafin magariba. Kada a tura ƙaramar yarinya tasha ko bakin titi.

Wasa Da Tatsuniya

Waɗansu iyaye suna ganin wasa ɓata lokaci ne. A'a. Ku dubi dara, ai lissafi ce da dabara. Carafke tana koya wa hannu da ido su yi aiki tare, hannun nan kuwa shi zai riƙe alƙalami. Langa da 'yar gala-gala suna ƙarfafa jiki. Yaron da ya zauna ya haɗa mota da kara, ya yi mata ƙafafu har ta yi tafiya, ko ya gina raƙumi da yumɓu, ko yarinyar da ta ɗinka wa 'yar tsanarta riga da ƙyalle, duk tunani su ke yi. A bar su, a kuma tambaye su yadda suka yi. Sharaɗin guda ne, wasan ya zama inda babba zai ji muryarsu.

Da dare kuwa ga kakanni. Ku ne kuka fi mu duka a wannan fanni. A yi gatanan, a kawo Gizo da Ƙoƙi, a yi kacici-kacici. Amma mu ƙara abu ɗaya. In tsohuwa ta gama, a ce wa yaro gobe shi zai maimaita. Wanda ya iya jera labari, ya san farko da tsakiya da ƙarshe, ba zai sha wuyar rubutu a makaranta ba. A gaya musu kuma tarihin gidansu, wa ya haƙa rijiyar nan, wa ya dasa kukar nan, daga ina kakan kakansu ya zo. Wannan ba ya cikin littafin kowa, in tsofaffi suka tafi da shi, ya tafi ke nan.

Rediyo Da Waya

A lokacin kullen 2020 gidajen rediyo na Kano sun riƙa watsa darussan makaranta. Gidaje da yawa ba su amfana ba, gama rediyon tana aljihun mai gida, mai gida kuwa yana gona ko majalisa. In irin wannan ta sake faruwa, a tambayi sa'ar darasi, a bar rediyon a gida a sa'ar nan, babba ya zauna tare da yara, in malamin rediyo ya yi tambaya su amsa da ƙarfi.

Waya kuwa a yi hattara da ita. In an miƙa wa ɗan shekara 4 don ya yi shiru, zai yi shiru, amma ba abin da ya ƙaru da shi, kuma ba ku san abin da zai buɗo ba. Amfaninta shi ne ku karɓi lambar malamin ajin ɗanku tun yanzu, in an rufe ku buga ku tambaya, "Malam, a ina kuka tsaya?"

Wuraren Da Ke Cin Yara

Yanzu ga maganar da ta fi duka nauyi. Sa'ad da yaro ya ke aji, akwai ido a kansa daga safe har azahar. In an rufe, idon nan ya tafi. Karatu in ya zube a kan kwashe, amma rai ba a mayar da shi.

Na farko kududdufi. Kowane ƙauye yana da shi, inda aka haƙi ƙasar gini. Da damina ya cika, gefensa santsi, tsakiyarsa rami. Ruwan da bai kai gwiwar babba ba ya isa ya ci ɗan shekara 2, kuma yaro in yana nutsewa ba ya ihu. Waɗanda ke kusa da madatsar ruwa ta Tomas da hanyoyin ruwanta su ƙara kula. Ban da nutsewa, ruwan kwance shi ke kawo tsargiya. Ƙwayar cutar tana zaune jikin ƙananan dodon koɗi, ta fito cikin ruwa ta huda fatar mai wanka. In kun ga jini a fitsarin yaro, ba alamar girma ba ce, cuta ce, tana da magani a asibiti.

Na biyu rijiya. A yi mata murfi da baki mai tsawo, kada a aiki ƙarami shi kaɗai. Na uku titi, musamman babbar hanyar Kano zuwa Daura, da babura masu ratsa unguwa. Na huɗu maganin feshi da maganin ɓera da kalanzir da fetur. Kada a zuba su a kwalbar lemo, gama yaro kwalbar ya sani. A rataye su sama, a kulle, kwalbar da ta ƙare a huda a binne, kada a ɗebi ruwa da ita. Na biyar murhu da tafasasshen ruwa, inda masu rarrafe su ke.

Ku Dubi Dalilin Rufewa

Ba kowace rufewa ce iri ɗaya ba. In iska ce ta ɗauke kwano, ko yajin aiki a ke yi, gidaje uku ko huɗu su haɗa yaransu a zaure ɗaya, a riƙa karɓa-karɓa, yau wannan ya lura, gobe wancan. Wannan ya fi sauƙi, yara kuma sun fi son karatu cikin 'yan'uwansu.

In cuta ce mai yaɗuwa, to, kada a tara su. Kowane gida ya yi nasa, a wanke hannu da sabulu, mai zazzaɓi ko tari a ware shi a kai shi asibiti, masu rigakafi in sun zo a fito da yara.

In kuwa maganar tsaro ce, a bi abin da Dagaci da hukuma suka ce, kada yaro ya yi nisa da gida. Kuma a kula da abin da a ke faɗi gabansu. Yara suna ji, suna tsorata, wani har ya koma fitsarin kwance. A gaya musu gaskiya a taƙaice, a ce an rufe ne don a kiyaye su, za a buɗe in Allah ya so.

Ranar Buɗewa

Ran da aka yi shelar an buɗe, ran nan yaro zai koma, ba bayan an gama roron wake ba, ba bayan kasuwa ba. Rigar makaranta a wanke a ajiye tun ranar rufewa, kada ta zama rigar gona. Uba ko uwa su raka shi, su gaya wa malami abin da aka yi a gida. Masu unguwanni da 'yan kwamitin makaranta su bi gida-gida, duk kujerar da ba kowa a san dalili tun makon farko, gama in aka yi wata guda, da wuya a dawo da shi.

Mu kuma mun ɗauki alkawari gabanku. In aka sake rufewa, ba za mu kulle alli a akwati mu tafi ba. Kowane malamin aji zai raba wa ɗalibansa abin da ke hannunsa, zai kuma riƙa zagawa in hali ya yi.

Ga aikin da muka ba ku. Kada ku jira sai an rufe. Gobe da hantsi kowane ɗan aji ya ɗauki gawayi ya rubuta baƙi ɗaya a jikin rumbu ko bango, ya kira ƙaramin gidan ya nemo abu uku. Ran da muka sake haɗuwa kowa zai faɗi baƙin da ya rubuta da abin da yaro ya kawo.

Ranka ya daɗe, a nan za mu tsaya. Allah ya raya mana zuriya, ya kiyaye su, ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Amin.

Tambayoyi

1. Wata nawa yaranmu suka yi a gida a shekarar 2020?
2. Faɗi abu uku da za a yanke tun ranar da aka rufe makaranta.
3. Kawo abu huɗu na gida da za a koya wa yaro karatu ko lissafi da su.
4. Me ke kawo tsargiya?
5. Yaushe ne bai kamata a tara yaran gidaje da yawa wuri ɗaya ba?